Ɗakin da Dorathy Ta Kulle

Duk wanda ya halarci biki a ƙauyukan da ke kewaye da Bici cikin 'yan shekarun nan, da wuya bai ga Dorathy ba. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa irin na matan da suka tashi da fartanya a hannu, kyamara rataye a wuya, jakar kwamfuta a baya kamar goyo. Sa'anninta suna ce mata Dora mai hoto. Tsofaffi kuwa har gobe 'yar Shago suke kiranta.

Shago manomi ne a Gidan Dabo, wani ɗan ƙauye da gonaki suka matse ta ko'ina, har da damina dawa kan leƙo ta saman danga. A kan addinin kakanninsa ya rasu. Matarsa Tani ce ta fara zuwa coci, 'ya'ya suka bi ta. Dorathy ta gama sakandare, ta so wucewa gaba, hali bai yi ba, sai aka kai ta wurin kawunta Zachariah mai shagon hoto a Bici, ta riƙa share shago tana tarbar baƙi. Ba a je ko'ina ba kawu ya lura cewa yarinyar ta iya sa mutum ya saki fuska. Shi kuwa duk wanda ya tsaya gabansa sai ya ƙame kamar soja. Ya miƙa mata tsohuwar kyamararsa ya ce ta gwada.

Abin da ya fito da ita kuwa shi ne zaure. Gidaje da yawa, namiji iyakarsa nan. Ranar lalle ko ranar kamu, mata suna can cikin gida sun ajiye mayafi, ana guɗa ana rawa, amarya ta sha kitso, amma babu mai ɗauka. Kaltume, ƙawarta tun firamare, wadda ke auren wani malamin Islamiyya, ita ta fara kiranta ranar sunan ɗanta na fari. Da hotunan suka fito, mata suka yi ta karɓa hannu da hannu. Kafin kaka ta zagayo, Dorathy ta san tsakar gidan da ko maƙwabci bai taɓa gani ba.

Ta auri Aaron, malamin firamare, mutum mai sanyin hali da son karanta jarida ko ta kwana biyu ce. Bayan haihuwar 'yarsu Loveth ta sayi kwamfuta 'yar gwanjo don gyaran hotuna. To, abin gida ɗaya ne. Aaron ya buga tambayoyin jarrabawa a kai, yara su kalli wasan kwaikwayo, ƙannen miji su zo tura waƙoƙi a waya. Dorathy ba ta taɓa ganin aibun haka ba.

Sai da ta je ɗaukar bikin Tahira. Ita Tahira ta karanta ilimin kwamfuta a kwalejin ilimi, kuma tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Bayan biki da 'yan kwanaki Dorathy ta kai mata hotuna ta zaɓa. Suna zaune a kan tabarma a sabon ɗaki mai ƙamshin turaren wuta, suka zo kan wani hoto: amarya da ɗaurin ƙirji, gashi a tsefe, ƙawaye suna zana mata lalle, tana dariya har da hawaye. Tahira ta daɗe tana kallo.

"Anti Dora, wannan ya yi kyau ƙwarai. Amma a ina yake kwana?"

"A cikin na'urar nan mana, a ɗakina."

"Wa da wa ke buɗe ta?"

Dorathy ta fara lissafawa da murmushi. Baban Loveth, yara, ƙaninsa, abokan ƙanin in sun biyo shi. Kafin ta kai ƙarshe murmushin ya tafi. Ta tuna matan da suka cire ɗankwali a gabanta ba tare da sun ko waiwaya ba, da wata mai jego da ta ɗauka tana shayarwa, da Kaltume tana taka rawa wadda ko mijinta bai san ta iya ba.

"Ai akwai lambar da ake sawa kafin ta buɗe," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Kowa a gidan ya san ta ko?"

"Ya sani."

"Ko da bai sani ba, Anti, wannan asabari ne kawai, ba ƙofa ba. Wanda ya san kan abin zai kwance bayan na'urar, ya ciro ma'ajiyarta, ya jona a wata, ya ga komai. Akwai kullewa ta gaske. In kin yarda in nuna miki."

Tahira ta jawo kwamfutar, ta jona ta da wayarta, ta sauko da wata manhaja. Ta yi bayani a hankali, irin na wadda ta saba da aji. Za a keɓe wani wuri a cikin na'urar kamar ɗaki. Duk hoton da aka sa a ciki, manhajar za ta niƙe shi ya zama gari, ko wa ya leƙa ba zai ga fuska ba, ba zai ga komai ba. Sai an sa kalmar sirri sannan ya koma yadda yake.

Dorathy ta yi dariya. "Ke Tahira, gari ya koma gero? Wannan kuwa ban taɓa ji ba."

"A nan yana komawa. Amma ki ji da kyau: kalmar ta zama doguwa, ba sunan Loveth ba, ba lambar wayarki ba. In kuma kika manta ta, ni kaina ba zan iya buɗe miki ba. Babu mai iyawa."

Dorathy ta shiga laluben kalmar da za ta sa. Can sai wani baiti ya faɗo mata, daga waƙar niƙa da Inna Tani ke yi tun suna yara, wadda ita Innar ta ƙirƙira don tsokanar surukarta. Babu wanda ya san ta sai 'yan ɗakinsu. Tahira ta juya fuska ga bango, Dorathy ta buga baitin da yatsa ɗaya, ta sake bugawa. Daga nan suka kwashe hotunan mata kaf suka zuba a ɗakin, suka goge na waje. Tahira ta sa ta sayi wata 'yar ma'ajiya mai kamar sabulu, wadda ake jonawa da waya, ita ma aka kulle ta haka, ana ajiye kwafin komai a ciki.

A gida ne aka ɗan sami tangarɗa. Ranar Asabar da hantsi Aaron ya zauna buga jarrabawa, ya ga sabon abu, ya taɓa, aka nemi kalmar sirri.

"Maman Loveth, mene ne wannan kuma?"

"Hotunan mutane ne na kulle."

"To, faɗa mini kalmar, ko da wani abu zai taso."

"Ba zan faɗa ba, Malam."

Ya cire tabarau ya dube ta. Tun da suka yi aure ba ta taɓa ɓoye masa ko allura ba. "Har da ni?"

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta zauna kusa da shi. "Da sirrina ne, da ka riga kowa ji. Ba nawa ba ne. Matan nan ni suka bari na shiga, ba su ce in shigo da kai ba. In Loveth ta girma, ranar lallenta, za ka so mijin mai hoto ya zauna yana kallonta?"

Ya mayar da tabarau ya ci gaba da bugu. Yinin ranar bai cika magana ba, ita ma ba ta matsa ba. Da la'asar ya dawo daga kasuwa da rake, ya miƙa mata guntu mai kauri ya ce, "Ki dai riƙe kalmar da kyau." Maganar ba ta sake tashi ba.

Kamar ya sani. Da damina ta kankama biki ya ja baya, Dorathy ta koma gonar gyaɗarta, ta daɗe ba ta buɗe ɗakin ba. Ranar da wata mata ta aiko a sake wanke mata hoto, ta buga baitin, na'ura ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Ta rufe kwamfutar, ta ɗauki mayafi, ta bi ta cikin gonaki zuwa Gidan Dabo.

Ta tarar da Inna Tani a gindin ɗorawa tana ɓarar wake. Bayan gaisuwa ta ce, "Inna, yi mini waƙar nan taki ta niƙa."

"Ke da girmanki? Me ya tuno miki?"

"Yi mini dai."

Tsohuwa ta gyara murya ta fara, tana kaɗa kai, tana dariyar surukar da ta daɗe a ƙasa. Da ta zo kan baitin, Dorathy ta dafe kai. Wata 'yar kalma ce a tsakiya ta tsallake. Ta rungume uwar har waken ya zube, ta juya da sauri. "Yaran zamani," in ji Tani, tana tsince wakenta. Tun daga ranar Dorathy kan rera baitin a zuci duk safiya in tana hura wuta.

Bayan shekara aka kira ta wani babban biki a Gezawa. Hanyar sai an ratsa ta birni an sake mota. A dawowa, cikin turmutsutsun tasha, ta sauke jakar kwamfuta don ta taimaki wata mai goyo ta hau. Da ta juyo, babu jaka. Kyamarar ce kawai ta tsira, don tana wuyanta. Ta yi cigiya, ta zagaya, 'yan kamasho suka taya ta, shiru. Ta zauna a kan benci ta yi kukanta, don ba ƙaramar wahala ta sha ba kafin ta mallaki na'urar.

Labari ya riga ta isa gida. Washegari da safe sai ga Kaltume, fuska duk ta faɗa, ko zama ba ta yi ba.

"Dora, da gaske ne? Kin san abin da ake yi da hotunan mata a waya yanzu. In maigidana Malam ya ga rawar nan tawa a hannun wani, ina zan sa kaina?"

"Zauna, Kaltume. Ba wanda zai gan ki."

Ta aiki Aaron ya aro kwamfutar hedimasta, ta ɗauko 'yar ma'ajiyar daga ƙasan akwati ta jona. "To, buɗe ki nemo kanki." Kaltume ta taɓa nan, ta taɓa can, ba ta ga komai ba sai wurin da ake neman kalma. "Abin da ɓarawon zai gani ke nan," in ji Dorathy. "Na'ura ya samu. Sai dai ya goge komai ya sayar da ita." Sannan ta ce wa ƙawar ta kau da kai, ta buga baitinta, sai ga Kaltume a allo, hannu sama, ɗankwali a ƙugu. Kaltume ta rufe baki, dariya da hawaye suka haɗu mata.

Ita ce ta bi gida-gida tana kwantar wa mata da hankali. Wasu ba su yarda ba sai da suka aika aka tambayi Tahira. An yi ta sauraro ko wani abu zai ɓullo, watanni suka wuce, ko hoto ɗaya bai fita ba. Da aka cire gyaɗa Dorathy ta sayar da tata, Aaron ya cika mata, ta sayi wata kwamfutar. Wannan karon ita da kanta ta keɓe ɗakin ta kulle, kafin ta bar kowa ya taɓa.

Yanzu aiki har ya fi ƙarfinta. Akwai gidajen da a da ko ita ba sa bari ta shiga da kyamara, yau su ke aiko mata tun ana saura wata guda. Ta kuma ɗauki wata al'ada: in ta kai hotuna, takan tambayi mai su ko tana so a ajiye kwafi ko a goge. Wadda ta ce a goge, a gabanta ake gogewa.

Kirsimetin bara ta tafi Gidan Dabo da kyamara. Inna Tani ta sha sabuwar atamfa, ta zauna a kan turmi a tsakar gida, jikoki kewaye da ita. Dorathy ta ɗauke ta tana tsakiyar yi wa wani jika faɗa, baki buɗe, yatsa a sama. Da aka nuna mata, tsohuwa ta kawo allon kusa da ido, ta daɗe tana duban tsagen fuskarta.

"An ce kulle mutane kike yi a cikin abin nan."

"Masu so, Inna."

"To, ni kada ki kulle ni. Wanke shi babba, ki rataye a zaure, duk mai wucewa ya san da ni a gidan."