Shekarar da Moutari Ya Tsaya a Ƙasa

Malam Moutari yana zaune a hawa na huɗu na wani bene a Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon. Duk wanda ya ba shi hannu zai san ba aikin biro ya yi ba. Mutumin Damagaram ne. Ya shigo Faransa da niyyar kasuwanci kamar ƴan'uwansa, ya gwada sayar da atamfa da turare a unguwar Belleville ta Paris, abin bai karɓe shi ba. Bai iya daɗin baki ba. In yadi ba shi da kyau, sai ya gaya wa mai saye ba shi da kyau. Ya tattara ya koma Lyon, ya kama aikin lodi da sauke kaya, ya auri Raliatou, ya zauna.

Amma duk watan Yuli, shekara da shekaru, yakan bi Tour de France, babban tseren keken nan da ke zaga ƙasar. Ba keke yake hawa ba. Wani kamfani ne ke ɗaukarsu jera bariyer, shingayen ƙarfen da ke raba ƴan kallo da hanya. Da asuba a sauke daga kamiyo, babbar motar kaya, a jera a ɗaure, da yamma in jama'a sun watse a kwance a loda, a wuce gari na gaba. Na bakin layin ƙarshe su ne manya, masu allon talla, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana saman kamiyo yana turowa, ɗaya yana ƙasa yana karɓa a kafaɗa ya kai inda za a kafa. Na sama hannunsa kawai ke gajiya. Na ƙasa shi ke ba da bayansa. Saboda haka ake musanya, in an ci rabin kamiyo na sama ya sauko, na ƙasa ya hau. Dokar kamfanin a fili take: wanda ba ya iya tsayawa ƙasa, a ba shi tikitin jirgin ƙasa ya koma gida.

Abokin ɗaukarsa Bukari ne, Allah ya jiƙansa, mutumin Maraɗi da ke zaune a Bobigny, a gefen Paris. Shi baki gare shi. Tun asuba yake magana har a kashe fitila, Moutari kuwa sai "to" da "riƙe da kyau". A haka suka tsufa tare a bayan kamiyo.

A 2013 aka yi tseren karo na ɗari, kuma azumi ya same su a hanya. Moutari bai taɓa ajiye azumi saboda aiki ba. Samarin cikinsu sukan sha, su ce matafiya ne, shi bai taɓa ce musu komai ba, sai dai ba ya kallon gorar ruwansu. Ranar da tseren ya shigo Lyon, garinsa, Raliatou ta aiko da saƙo tun safe cewa za ta kawo musu kopto, kwaɗon zogale, da dambu na buɗa-baki.

Da hantsi ne Bukari yana ƙasa, ya karɓi bariyer, ƙafarsa ta zame a bakin kwalta. Bai faɗi ba. Ya kai ta inda za a kafa, ya dawo yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu a ka, ya jingina da tayar kamiyo.

"Badamagare," ya ce a hankali, "bayana ya tafi."

Moutari ya leƙo daga sama. "Tafi ina?"

"Ina wasa da kai ne? Wallahi wani abu ya tsinke."

Shef ɗinsu Nassim, mai kula da aikin, yaron Lyon ne ɗan asalin Aljeriya, yana can nesa yana faɗa da wani direba. Mutumin kirki ne, amma doka ba tasa ba ce, kuma bai taɓa karya ta ba.

"Mu gaya masa, a kai ka likita," in ji Moutari.

"In ka gaya masa, gobe ina cikin jirgi." Bukari ya share fuska da hularsa. "Wannan ne na ƙarshe, ka sani. Ɗiyata Kadidiatou ta ɗauki hutu wurin aiki don ta zo Champs-Élysées, babban titin Paris inda ake ƙare tseren, ta ganni. Yarinyar nan tun tana ƙarama a lekol nake ce mata ina aiki da Tour, ba ta taɓa gani da idonta ba. Ba zan shiga Paris a kwance a kujerar jirgi ba. A kamiyon nan nake so in shiga."

Moutari ya diro. Ya haɗa hannuwansa biyu ya yi masa mataki. "Hau."

"Lokacin musanya bai yi ba."

"Hau, na ce."

Da yamma Raliatou ta zo da kwanoni cikin jakar kasuwa. Suka zauna a bayan kamiyo, Bukari yana ci yana yabon kopton, yana cewa matan Damagaram sun fi mazansu amfani. Ta yi dariya, amma ta ga yadda yake zaune a karkace, ta kuma ga mijinta da ƙyar yake ɗaga cokali don gajiya. Ta kwashe kwanoninta, ta ce Allah ya tsare hanya.

Washegari dutsen Ventoux ne. Saman dutsen ba itace ko ɗaya, farin dutse ne kawai da rana da iska. Moutari yana ƙasa tun asuba. Nassim ya biyo ta wurinsu, ya tsaya.

"Tonton, ba ku musanya ne yau?"

"Ni a ƙasa nake so," in ji Moutari.

Wajen azahar ya ga hanya ta rabu biyu a idonsa. Bariyer ta suɓuce daga kafaɗarsa ta daki kwalta da ƙara, kowa ya waiwayo. Nassim ya dube shi, ya dubi Bukari a sama, ya daɗe yana dubawa. Moutari ya ɗaga ƙarfen ya kai shi inda za a kafa. Lissafin ba mai wuya ba ne. Jikinsa ba zai ɗauki aikin mutum biyu da azumi ba, kuma in ya sake yar da wata, za a ce Bukari ya sauko, shi ke nan. Ya je inda samari ke ajiye ruwa, ya ɗauki gora, ya yi bismilla, ya sha a gaban kowa.

"Ah bon! Malam ma?" in ji wani saurayi. Suka kwashe da dariya. "Ashe dutsen nan ya fi ƙarfin malamai!"

"Matafiyi ne ni," ya ce, ya ajiye gorar.

Bukari bai yi dariya ba. Da suka koma bakin kamiyo ya sunkuyo. "Ba ni ruwan nan, ni ma in sha. Ba zan zauna a sama da azumi kana ƙasa ba azumi ba."

"Riƙe naka. Ɗaya ya isa. Turo."

Haka suka bi duwatsun Alpes. Moutari yana cin burodi da sardin da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro, kuma bai ji daɗin loma ko ɗaya ba. Raliatou ta kira shi wata yamma ta tambaye shi da me ya buɗe baki. Ya ce bai ɗauka ba. Ta ce, "Malam, lafiya?" Ya ce lafiya lau. Ta ce ya gaida Bukari da jiki. Nassim kuwa bai sake tambayar zancen musanya ba, sai dai duk lokacin da ya zo duba aiki, ta wancan gefen kamiyon yake bi.

Suka shiga Paris a kamiyo, Bukari a kujerar gaba ya sauke gilashi yana gaisar da mutanen da bai sani ba. A wannan shekarar, da yamma aka shirya ƙarshen tseren, rana na shirin faɗuwa masu keke suna zagaye babban titin. Kadidiatou ta fito daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta ratsa jama'a har ta same su. Bukari ya gyara rigar aikinsa, ya miƙe iya yadda bayan ya bar shi, ya nuna mata layin ƙarfen da ya miƙe har inda ido ba ya kai.

"Papa, c'est vrai? Ku kuka jera duk wannan?" Ta jijjiga wadda ke gabanta, ko motsi ba ta yi ba. Ta juya ga Moutari. "Baffa, da gaske shi ya ɗauki waɗannan? A gida ko jakar shinkafa ba ya ɗagawa."

Bukari ya juya ya dubi Moutari.

"Babu wadda ta taɓa ƙasa ba ta hannunsa ta biyo ba," in ji Moutari.

Ta ɗauki hoton ubanta a jikin bariyer, masu keke suna wucewa a bayansa kamar iska. Da magariba ta yi ta ba shi dabino daga jakarta.

Bukari bai sake komawa Tour ba. An yi masa aikin baya a kaka. Moutari ya bari sai da sanyi ya shigo, ranaku suka gajarce, sannan ya fara ramuwa. Ranar farko, yana zaune da kofin shayi a gabansa yana jiran lokaci, telefon ya yi ƙara.

"Badamagare, an sha ruwa a can?"

"Saura kaɗan. Wa ya gaya maka ina azumi?"

"Ina ruwanka? Ni ma da shi na wuni."

"Kai ba ka da ramuwa. Ga magani kana sha."

"Na mayar da shi dare. Gobe ma in ka ɗauka zan ɗauka, har ka gama."

"Bukari, ba a haka."

"To kai ka zama shef ne? Yi shiru, ga shi an kira salla a nan. Sha shayinka."

Moutari ya ajiye telefon a kan tebur bai kashe ba, ya ɗauki kofin. Yana jin Bukari a can Bobigny yana tauna, yana yi wa matarsa mitar cewa kunun ya yi sanyi.