Motar Zakari da Dokin Ƙofar Inno

"Kai ma ka ji ƙarar nan da hantsi?"

"Ina wanke babur na ji, sai da na saki bokitin. Na ɗauka jirgi ne ya ɓace hanya."

"Motar Zakari mai walda ce. Yau ta tashi."

"Wadda yake haɗawa tun 'yarsa Kausar tana rarrafe? To, yaushe za mu gan ta a titi?"

"A nan ake yinta, mon frère. Tashi kam ta tashi, fitowa ce ta gagara."

A teburin mai shayi na bakin layinsu ake wannan hira, Zakari kuwa yana jin su daga cikin gareji, ya haɗa kai da gwiwa.

In ka bi unguwannin Duwala daga New Bell har Kassalafam, da wuya ka wuce gida goma ba ka ga ƙofar ƙarfe ta hannunsa ba. A unguwar aka haife shi. Kakansa ne ya zo fataucin goro daga Katsina, ya ɗanɗana kifin Duwala ya manta hanyar gida. Shekara talatin Zakari yana walda, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne: awo. Mitar awonsa tana rataye a ƙugunsa har masallaci. An taɓa ganinsa a maƙabarta yana gaya wa masu haƙa cewa sun rage santi biyar, sai da liman ya yi masa gyaran murya.

Ciwon motar a Japoma ya kama shi. Ya je kafa wa wani ƙofa, sai ya tarar da direbobin yashi suna tseren motoci cikin taɓo a gefen kogin Dibamba, abin da suke yi sau ɗaya kowace damina. Wata mota ta wuce ta watsa masa laka tun daga hula har takalmi. Ya dawo gida yana murmushi shi kaɗai. Matarsa Bara'atu ta dube shi, ta je ta kunna turaren aljanu.

Sati bai cika ba ya turo gawar wata a-kori-kura cikin garejin marigayi mahaifinsa. Kafin ya taɓa ko ƙusa ɗaya, ya auna tsayin ƙofar garejin, ya rubuta da alli a bango: mita biyu da santi arba'in. Daga nan bai sake aunawa ba. Me zai auna? Ƙofa ai ba ta girma.

Shekara takwas yana yi. Ya ɗaga motar ta zama kamar raƙumi, ya sa mata tayoyi masu haƙora, ya ɗora shokozoba biyu biyu a kowace ƙafa. Ya lanƙwasa bututun ƙarfe ya yi keji a kan mazaunin direba, don ko ta kife kansa ya tsira. Gadon ƙarfen auren Bara'atu ma ya shiga ciki, ya koma bamba.

"Baban Kausar, ina ƙafafun gadona?"

"Suna nan, sun samu ƙarin girma."

Da ya gama, tsayinta mita biyu da ashirin. Ya dubi allin bango ya ce ko kaza ta tsaya a kanta za su fita tare.

Abin da bai sa a lissafi ba ita ce mahaifiyarsa Inno, mai gidan. Shekarar da motar ta shigo, ruwan Agusta ya biyo ta garejin ya shiga ɗakinta, aka kamo katifarta a tsakar gida tana iyo da kwanuka. Tun daga nan, kafin kowace damina sai ta kira magini ya ƙara wa dokin ƙofar garejin siminti. Haka kowa yake yi a layin, don ruwan unguwar gidan da ya fi gajeren dokin ƙofa yake nema. Maƙwabciyarta Sharifa ta ƙara yatsa uku, Inno ta ƙara huɗu. Zakari da kansa yake ɗauko buhun simintin. Kullum yana tsallake dokin ƙofar, kowace shekara yana ƙara ɗaga ƙafa, har ya fara cewa tsufa ne ya kama masa gwiwa.

Bana aka ce tseren Lahadin nan shi ne na ƙarshe, an yanka filin za a yi gidaje. Zakari ya bi shago shago har kasuwar Marché Congo yana gayyatar mutane kallo. Ranar Juma'a da hantsi ya jera katako a kan dokin ƙofa, ya hau, ya murza makulli. Injin ya yi gurnani, tattabarun layin suka watse. Tayoyin gaba suka hau katako, sai ƙwam! Kejin ya daki lintar ƙofa, ƙura ta zubo masa a gemu.

Ya sauko ya zaro mitarsa ya auna ƙofar. Mita ɗaya da casa'in. Ya sake aunawa, ya juya mitar ya duba ko ita ce ta lalace.

Amininsa Sabo, ɗan bensikin, wato acaɓan Duwala, ya leƙo yana riƙe ciki. "Mutumina, kai da kake auna kabarin mutane? Sace iskar tayoyin mana."

Suka sace, suka samu santi goma sha biyu.

"To yanke kejin."

"Masu tseren ba sa karɓar mota babu keji."

"Fasa lintar."

"Rufin gidan a kanta yake zaune, Sabo."

"To c'est fini, zance ya ƙare. Ka buɗe shagon kallo, mu riƙa shigowa muna ganinta." Sabo ya dubi dokin ƙofar, ya dubi Zakari, ya ja da baya. "A'a. Wannan kam ba da ni ba. Ina da iyali."

Zakari ya ci gaba da zama har masu shan shayi suka gaji da zancensa. Sannan ya ɗauki babbar guduma, ya shiga cikin gida. Hadari ya riga ya haɗo daga wajen teku. Inno tana bakin ɗakinta tana ɓarar agushi. Ya jingine gudumar a bayan randa, ya durƙusa, mutum mai furfura a gemu.

"Barka da hutawa, Inno."

"Yauwa, mai walda." Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Na ji amaryarka ta yi kuka. Ba ta tare ba?"

"Ƙofa ce ta yi mata kaɗan."

"Ashe? Ni da na ɗauka awo a gidan nan aka haife shi." Ta ɗaga haɓa wajen randa. "Waccan kuma gaisuwa ta zo yi?"

Bara'atu ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta samu wuri mai kyau ta tsaya. Ɗigon ruwan farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Zakari ya cire mitar daga ƙugunsa, abin da ko a asibiti bai taɓa yi ba, ya ajiye a gaban tabarmarta.

"Inno, na san ruwan layin nan kaf gidanki zai nufo, na san Sharifa za ta yi dariya har Sallah. Katifarki ni zan ɗora a kan rufin mota in ya kama, ranar Litinin kuma in mayar miki da dokin ƙofar ya fi nata da taƙi guda. Don Allah, don darajar nonon da kika ba ni, ki ara mini dokin ƙofarki na kwana uku."