Dilar gwanjo a ƙuryar ɗakina

Ni 'yar Gaya ce, kuma lokacin da abin nan ya faru ina ji da kaina a sana'ar gwanjo. Maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yau Kwatano gobe Yamai, don haka daga ni sai ɗiyata a ɗaki. In na tsallaka gada na saro dila a Malanbil, ƙuryar ɗaki nake jibge ta, saboda ruwa da ɓarayi. Nan nake kwance ta, in kakkaɓe, in ware masu kyau, yarinya na birgima cikin kayan ina mata dariya.

Bayan yaye ta fara atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido ja, hanci na zuba, ƙirji na kuka kamar ɗan kyanwa. Na ce mura ce, na yi ta ɗura mata siro, maganin tari na ruwa, har na gaji. Sai maƙwabciyata ta ce ai kayan gwanjo ba a san wa ya mutu a cikinsu ba, iska ce ta biyo dila. Na yarda. Kullum sai in rufe taga da ƙofa, in zuba turaren wuta da saiwoyi a kasko, in zaunar da ita a cinyata ta shaƙa. Ga kuma maganin sauro mai hayaƙi, don sauron Gaya ba ya wasa. Tana tari, ni ina murna wai abin ne yake fita.

Abin da ya kamata ya farkar da ni, duk sanda na kai ta Bengu wurin Innata sai ta warware sarai. Inna ta ce in bar mata ita. Na ji haushi, na ce so ake a nuna ban iya riƙon ɗiya ba, na ɗauko abata.

Wata rana da damina na kwance dilar da ta sha danshi, duk ta yi fumfuna. Ban gama kakkaɓa ba na ga yarinya ta durƙushe, leɓe ya yi baƙi, numfashi ya ƙi fita. Da kabu-kabu muka isa asibiti, ko takalmi ban sa ba. Da ta farfaɗo, lokotoro ya tambaye ni abin da ke cikin ɗakin da take kwana. Na faɗa masa duka. Ya ce fuka gare ta, kuma ƙurar tsofaffin tufafi, da wasu ƙwari da ido ba ya gani a cikinta, da fumfuna, da kashin kyankyaso ne ke tayar mata. Sannan ya ce, "Madam, hayaƙin nan da kike yi mata, shi ke ƙara shaƙe ta."

Na fitar da kayan, na wanke ɗaki, amma ƙurar da nake dawowa da ita a jiki daga kasuwa ma ta ishe ta. Sana'ar kuwa ba ta baruwa, da ita muke ci. Yanzu yarinyar tana Bengu wurin Inna. Ni dai na gaji, wallahi, na gaji da zargin kaina.

'Yan'uwana mata, in yaro na warkewa a gidan wani ya dawo naki ya kwanta, ki dubi ɗakinki tukuna kafin ki nemi iska, kuma ki kai shi asibiti da wuri. Ni sai na yi wanka na sake kaya nake zuwa ganin tawa. Rannan da na je, na buɗe mata hannu, sai ta tsaya daga nesa ta tambayi Inna ko na yi wanka.