Hankakan da Ke Ba da Izinin Sauka

A Barkiya ta ƙasar Kurfi na tashi, a hannun Iya, uwar mahaifina. Bayan sallar magariba takan zauna bakin murhu tana jiran tuwo ya nuna, mu jikokinta mu kewaye ta. A daidai lokacin wani jirgin sama kan gifta samanmu ya nufi Kano. Da mun ji ƙararsa sai mu ruga tsakar gida muna ɗaga masa hannu. Iya ko kai ba ta ɗagawa.

Ba mace ce mai lallashi ba. Sauran tsofaffi kan tambaya ko ana son tatsuniya, ita kuwa cewa take, "Ga ta nan tafe. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya tashi tun yanzu."

Shekarar da aka yi fari, rijiyoyin Kurfi suka ja baya, ta ba mu labarin hankaka. Ta ce ruwa ya ƙafe a duniya, saura tafki ɗaya. Tsuntsaye kan faɗa masa gaba ɗaya, su dama shi ya koma taɓo. Sai suka yi shawara suka ɗora hankaka kan kukar da ke bakin tafkin, shi zai riƙa kiran kowa bi da bi. Wanda ba a kira ba ya yi ta kewayawa a sama.

Kwana biyu abin ya tafi daidai. Rana ta uku hankaka ya lura duk tsuntsun da ke sama shi yake kallo, abin ya yi masa daɗi. Ya kira ungulu domin yana tsoronta, ya kira shaho domin surukinsa ne, ya bar sauran. Wata kurciya da ta baro 'ya'ya biyu a sheƙa ta matso ta ce, "Ranka ya daɗe, kurɓi ɗaya zan yi in tafi." Ya ce, "Ƙara zagaye ɗaya." Tun hantsi take zagaye har la'asar, sannan fukafukanta suka sake, ta faɗa tsakiyar tafkin. Balbelu suka biyo ta, shamuwa ma haka. Ruwan ya ruɓe, waɗanda aka ba izini suka sha suka mutu.

Ƙanwata Hinde ta fashe da kuka ta ce, "Iya, 'ya'yan kurciyar fa?"

"Tururuwa ta cinye su."

Na ce, "To hankakan, me aka yi masa?"

"Me za a yi masa? Mushensu ya yi ta ci har damina ta sauka. Ya yi ƙiba." Ta sauke tukunya ta ce, "Ta ƙare. Ku wanke hannu."

Hinde ba ta ci tuwon ba, Iya kuma ba ta roƙe ta ba.

Na yi makaranta a Dutsin-Ma, na wuce gaba, ƙarshe na samu aiki a hasumiyar wani filin jirgin sama, ni ke gaya wa matuƙan jirage wanda zai sauka da wanda zai jira. Iya ta rasu kafin nan.

Wata rana da azahar, lokacin dawowar alhazai, jirage uku masu neman sauka na hannuna, ɗaya na alhazai. Aka bugo waya daga wajen shugabanninmu aka ce kada kowa ya sauka, wani babba zai tashi. Na leƙa ta gilashi, jirginsa na nan a ajiye, ko motocinsa ba su iso ba. Na sa jiragen suka shiga kewayawa. Can matuƙin jirgin alhazai ya ce akwai wata tsohuwa da numfashi ke yi wa wuya, yana neman sauka.

Bulus, abokin aikina da ya girme ni, ya dube ni ya ce, "Malam Sani, saukar da shi. Minti goma ya ishe shi, mutumin nan ko gida bai baro ba."

Na tuna muryar da ta bugo wayar, na tuna ban cika shekara biyu a aikin ba. Na ce wa matuƙin ya ci gaba da jira. Sau uku yana kira, sau uku ina ba shi amsa ɗaya. Kusan awa guda jirage uku suna ƙona mai a banza, suna zuba hayaƙi bisa gonakin mutane. Da na ba shi izini, tsohuwar ta riga ta cika. Ba wanda ya tuhume ni. Ƙarshen shekarar ma aka ƙara mini girma.

Sauran shekarun aikina na yi su ne ina faɗa a kan a miƙe wa jirage hanya, a tsara musu lokacin isowa tun suna nesa, su rage gudu a hanya maimakon su zo su yi ta zagaye. Yaran da na koyar sukan ce hayaƙin nan na cikin abin da ke ɗumama duniya yana rikita damina, kuma gaskiyarsu ne. Ni dai ba don wannan na fara ba. Ina yaro na ɗauka mugunta ce ta hana Iya hukunta hankaka. Yanzu na san ta ga mutane ne, ta ƙi yi mana ƙarya.

Daga baya na je na duba rahoton ranar don in san sunan tsohuwar, in yi mata addu'a da shi. Abin da aka rubuta kawai shi ne: fasinja ɗaya, mace.