Kyarkecin da Karyarmu Ta Shayar

Shekarar da aka turo katafiloli su share dajin da ke yamma da ƙauyenmu, tsakanin Faskari da Ruwan Godiya, ina goyon ɗiyata ta fari. Lokacin kuɗin mai ne, ana ta yanka hanyoyi da buɗe manyan gonaki, namun daji kuwa sun rasa wurin ɓuya. Surukina, wanda duk gidan muke ce wa Baba, maharbi ne tun yana saurayi. Yana da wata jar karya da ba ya shiga daji sai da ita, kuma a lokacin ba ta daɗe da haihuwa a bayan rumbu ba.

Wata rana da hantsi Baba ya dawo da abu na motsi cikin jakarsa ta fata. Ya zazzage shi a tsakar gida, sai ga ɗan kwikwiyo baƙi-baƙi mai faffaɗan kunnuwa. Ya ce katafila ce ta rushe raminsu, 'yan uwansa suka mutu, uwar ta gudu.

"Baba, wannan ai ba kare ba ne," in ji maigidana.

"Kyarkeci ne. In ya sha nonon kare, ya tashi cikin karnuka, mi zai hana shi zama kare? Bari ya girma ka ga farauta."

Karyar ta sansana shi, ta yi gurnani, daga baya ta kwanta ta bar shi ya sha.

Kafin kaka ya fi 'ya'yanta tsawon ƙafa, jikinsa ya yi dabbare-dabbare kamar an watsa masa laka da toka. Ba ya haushi, sai wani kuka siriri irin na tsuntsu. Warinsa kuwa har cikin ɗaki. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali idonsa ne. 'Yan kwikwiyon in na fito da ƙanzo fuskata suke kallo suna kaɗa wutsiya. Shi hannuna yake kallo, ko wuyan akuyar da ke bayana.

A wannan kakar malamin dabbobi ya zo yi wa shanu allura. Da ya ga abin da ke ɗaure a gindin ɗorawa sai ya tsaya cak. Ya ce masu binciken dabbobi sun daɗe suna gwada kare da kyarkecin ƙasashen sanyi, kuma sun ce daga shi kare ya fito, amma sai da aka yi zamani bayan zamani ana zaɓar masu sanyin hali. Na dajinmu ma, in ji shi, dangin nesa ne.

Baba ya yi dariya. Malamin ya sa aka kifa turmi kan guntun nama, aka saki ɗan karyar. Ya tona, ya tura, da ya kasa sai ya juyo ya dubi Baba yana kuka. Aka saki kyarkecin. Ya yi ta tonon ƙasa yana cizon turmin har bakinsa ya yi jini, bai ɗaga kai ya dubi kowa ba.

"Ka gani, Baba? Wancan ya san kai ne mai taimakonsa. Wannan bai san yana da ubangida ba. Ga shi kuma da jinjiri a gidan."

"Na ji, Malam," in ji Baba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ƙara wa igiyar kauri.

Daga ranar ban ƙara sauke ɗiyata daga baya ba sai dole. Dolen ta zo ranar kasuwar Faskari. Maza sun tafi, surukata ta tafi rafi, rana ta take. Na shimfiɗa wa yarinyar tabarma a inuwar rumbu don bayana ya sha iska, na koma sussuka. Ina cikin daka sai na ji ɗan akuya ya yi ƙara sau ɗaya ya yi shiru.

Na waiwaya. Kyarkecin ya tauna igiyarsa. Ɗan akuyar na ƙasa, cikinsa a farke, ga shi bai fi taku kaɗan da tabarmar ba. Ɗiyata kuwa ta fara rarrafe wajen, tana dariya, tana miƙa hannu ga farin bakin wutsiyarsa.

Taɓaryar na hannuna, amma na san in na jefa na kuskure, yarinyar zan samu. Na kira shi da irin kiran da Baba ke yi masa. Ko kunne bai motsa ba. Ya ɗago bakinsa jajur, ya sunkuyar da kai, ya kafa wa yarinyar ido.

Ban san lokacin da na juya na dubi jar karyar ba, tana kwance a ƙofar zaure. Ita ma ni take kallo. Na nuna mata da hannu, na ce, "Kama!"

Ta taso da gudu ta shiga tsakaninsa da yarinyar. Suka sarƙe, ƙura ta tashi. Na yi tsalle na fizgo ɗiyata ta hannu ɗaya, na faɗa ɗaki, na tura ƙyaure, na jingina bayana da shi. Ina jin kukan karyar, ina jin haƙoransu na haɗuwa, har yarinyar ta fashe da kuka. Na toshe mata baki da nono. Can sai na ji danga ta yi ƙara, sannan shiru.

Ban buɗe ba sai da na ji muryar surukata tana salati. Kyarkecin ya keta danga da ɗan akuyar. Karyar na kwance cikin jini, kunnenta guda a yage, ƙafar gaba a karye.

Da maza suka dawo, Baba ya saurare ni har ƙarshe. Ya ɗauki yarinyar ya dudduba jikinta, ya miƙo mini ita, ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata." Washegari ya bi sawun kyarkecin da bindigarsa har gindin duwatsu, ya dawo bai same shi ba.

Shi da kansa ya ɗaure wa karyar ƙafa da karan dawa. Ta warke amma da ɗingishi, ba ta sake zuwa farauta ba. Ni kuwa har aka gama girbi ban iya zuwa rafi ni kaɗai ba. In tsuntsu ya yi siririn kuka cikin ciyawa, sai in ajiye tulu in kunto goyona zuwa gaba, in rungume ta, in tsaya har wata ta zo mu tafi tare.