Ranar da Buza da Keita suka ɓace a hannuna

Har gobe ba zan manta da wata Litinin ta kakar 1988 ba, lokacin ina kula da magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ta wani proje na noma a Madawa. Duk abin da ke biro, wato ofis, daga kujera har tsintsiya, ni na sa hannu a kansa. In abu ya ɓace, aikina ya tafi.

Muna da odinatar guda, wato kwamfuta, mai haɗa lissafin ruwan sama. Umarnin da take bi kashi uku ne: na Madawa, na Buza, na Keita. Wanda ya rubuta shi kwafar na farko ya yi, ya canja sunan gari kawai. In an buga shi a takarda, daga tebur yake kaiwa bakin ƙofa.

Sai aka kawo sabuwar ma'aikaciya, Madan Hadiza. Ta yi ta danne-danne tun safe. Da ta buga, takardar ko kamu ɗaya ba ta kai ba.

Na ce, "Madan, ina sauran?"

"Na share, Baba Sha'aibu."

"Kin share Buza da Keita? Kayan gwamnati?"

"Baba, a kasuwar Bangi, da tiya nawa ake awon gero da dawa da wake?"

"Guda."

"To, nan ma guda na bari. Ka ba ta sunan gari, ta auna."

Ban gamsu ba. Na leƙa bayan injin, na zazzage kwandon shara. Na roƙe ta don Allah ta mayar kafin shef, shugabanmu, ya dawo daga Tawa, ta yi ta dariya.

Da shef ya iso, tun bai sauko daga mota ba na ce masa garuruwa biyu sun salwanta, amma ba ni ba ne. Ya shiga, ya sa aka fitar da lissafin. Madawa daidai, Keita daidai. Buza kuwa ruwanta ya ƙaru, alhali ko gajimare babu. Ashe an taɓa gyara wani kuskure a kashi biyu, aka manta da nata.

Shef ya ce, "Sha'aibu, kwantar da hankalinka, ƙari aka samu."

Direbanmu, mutumin Tama ta ƙasar Buza, ya ce, "Tsoho, ashe kai ka rufe muna ruwa!"

Na tambayi shef ko in shigar da ruwan cikin kayan magaza. Ya ce in fita.

Abin da na koya, ku yaran yanzu: aiki guda in aka ajiye shi wuri uku, wata rana za a gyara biyu, kuma wanda aka manta ba shi da bakin kai ƙara.