Ciwon Maƙwabcina

Rubuta yadda na faɗa, aboki, kada ka gyara mini baki. An ce mai abin faɗi a kan malamar ɗakin karatun unguwarmu ya kawo, tunda za ta ajiye aiki. To ni kakanka ina da shi.

A-hankali muke ce mata, don kalmar ba ta barin bakinta. Yaro ya ja kujera, a hankali. Ka buɗe jarida da ƙarfi, a hankali. Gajera ce, da tabarau wanda ta ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Mahaifinta direban babbar mota ne, kullum yana hanya, ita ta yi jinyar mahaifiyarta tun tana 'yar makaranta. Ta taɓa gaya mini har tsohuwar ta rasu ba wanda ya zaunar da su ya ce ga sunan ciwon, ga abin da yake yi wa jiki. Ina jin abin nan bai taɓa barin ranta ba.

Ni ko sunana ba na iya karantawa. Fanka ce ta kai ni can. Da gwiwa ta hana ni tsugunno na bar gyaran keke, sai in je da hantsi in zauna ina kallon hotunan jarida. Ba ta taɓa tambayata me na zo yi ba.

Ana nan aka kawo kwamfuta, aka dasa ta tsakiyar zaure tana kallon ƙofa, wai mai son sanin wani abu kan lafiyarsa a duba masa a intanet. Samari suka yi ta kallon ƙwallo, ba wanda ya kawo maganar ciwo. Manyanta suka ce ta bincika me mutane ke buƙata, ƙarin kwamfuta ko ƙarin littattafan lafiya. Ta bi mu kujera-kujera tana tambaya, kowa ya ce lafiya lau. Amma in ta zo rufe ƙofa sai wata ta biyo ta da raɗa, ko wani ya tsaya yana sosa ƙeya. Nan ta gane. Da ta mayar da amsa, labule ta roƙa da doguwar wayar lantarki. Ta ja kwamfutar can lungu bayan kantar manyan littattafan da ba mai taɓawa, ta juya fuskarta bango, ta ajiye kujera biyu.

A lokacin fitsari ya fara yi mini gardama. In ji kamar zan fashe, in je, sai ɗigo-ɗigo. Barci ya gagara. Kakarka ta tambaya, na ce shayi ne ya yi yawa. Wani ya nuna mini mai tallar garin magani a wayarsa, na nema na sha, zawo kawai na samu. Rannan sai na ga jini. Na ce a raina tafiya ce ta zo. Amma wa zan gaya wa? Daina murmushi, rubuta.

Na ɗaga labulen nan na shiga.

"Baba, yau fankar ba ta yi maka ba?"

"Aiko ni aka yi, 'yata. Maƙwabcina ne ba lafiya."

"Allah sarki. Babba ne ko yaro?"

"Sa'ana ne."

Na zayyana mata komai ina kallon takalmina, ita tana kallon allo. Na ga tana tsallake wasu wurare, na tambaya. Ta ce, "Duk wanda ya ce maganinsa na warkar da komai, ya sa lambar waya a ƙasa, ba na karanta wa mutane shi. Na asibitoci nake buɗewa." Ta karanta, ta mayar mini da Hausa. Wai akwai wani ɗan nama a ƙarƙashin mafitsarar namiji, in girma ya zo yakan kumbura ya matse hanya, kuma tsofaffi da yawa suna fama da shi.

"Ni ba likita ba ce, Baba, ba zan ce shi ke damunsa ba. Amma duk inda na buɗe magana ɗaya ce, in an ga jini ba a jira."

"Tsoro yake kada a yanka shi."

"Gwaji ake fara yi. Ya gaya wa likita tun yaushe, ya faɗi garin da ya sha, kada ya ɓoye."

"Mutum ne mai taurin kai."

"Na ga alama. To ka raka shi da kanka, ƙafarka ƙafarsa."

Washegari na tafi asibiti. Aka ba ni 'yar kwalba, na cusa a aljihu, na nufi benci. Wa zan gani? Mai Agogo, wanda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, ya ƙudundune hannu cikin riga.

Na ce, "Kai kuma fa?"

"Dubiya na zo."

"Da kwalba?"

"Taka ma ga ta nan tana leƙe, tsohon banza."

Na zauna kusa da shi. Can ya ce, "Wa ya turo ka?" Na ce A-hankali. Ya ce, "Me ka ce mata?" Na ce maƙwabcina ne ba lafiya. Ya zaro ido. "Ni ka ɗora wa ciwo?" Na ce, "Kai wa ka ɗora wa naka?" Ya kau da kai. Muka yi dariya har nas ta leƙo ta ce nan ba kasuwa ba ce. Ashe shi ya riga ni shiga labulen, kuma matar nan ta san gidajenmu sarai. Ko a fuska ba ta nuna wa ɗayanmu ba.

Likita ya ce kumburin ne, ba mugun ciwo ba, amma da na ƙara zama da ya taɓa ƙoda. Ni ƙwayoyi aka ba ni. Mai Agogo sai da aka yi masa ɗan aiki, ga shi can yana cika wa mutane kunne.

Da na koma ta ce, "Baba, yaya mai jiki?" Na ce da sauƙi, yanzu in ya kwanta sai an tashe shi. Ta ce in gaishe shi. Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, ta riga ta juya tana jera littattafai.

To ka rubuta mata da manyan baƙaƙe yadda za ta gani ko ba tabarau. Mai jikin yana godiya, ƙodarsa biyu suna nan lafiya, Allah ya saka mata da alheri, ya ji ƙan mahaifiyarta.